Kibiyar da Otilia ta zana

Ina da shekara bakwai na fara jin sunanta. Na shigo daga lambu caɓa-caɓa da taɓo, kakata ta ɗago kai daga tukunyar tuwon masara ta ce, "Ga wata Otilia nan Allah ya ba mu." Da na matsa da tambaya sai ta ce 'yar ƙanwarta ce, wadda ta yi karatu har jami'a don kawai ta yi wasa da laka.

Otilia Bârsan 'yar direban jirgin ƙasa ce. Tana da shekara ashirin da huɗu wata cibiyar binciken teku a birnin Constanța ta ɗauke ta ɗalibar digirin ƙarshe, a hannun Farfesa Zamfir. A lokacin jirgin ruwan cibiyar ya fi kwana a ɗaure, saboda haka da aka sa sunanta a tafiyar kakar 1996 ta san daga ita babu wata. Abin da za ta ɗebo a kwana goman tafiyar, shi ne digirinta.

Aikin shi ne a soka dogon bututun ƙarfe a ƙasan teku, a zaro laka yadda ta kwanta shekaru dubbai, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. A kan jirgin ake yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace tsawon mita guda, a toshe bakuna, a zana wa kowace gaɓa kibiya mai nuna sama. Ranar da aka zaro tata iska ta taso. Kwananta uku tana amai, ma'aikatan jirgin suna tsokanarta wai kifayen wajen sun yi ƙiba albarkacinta. Duk da haka ta ƙi ba kowa alƙalamin. Lakarta ce, ita za ta zana.

Shekara biyu ta yi tsakanin ɗakin sanyi da madubin ƙara girma, da rigar ulu har tsakiyar bazara, tana ƙirga siraran layukan lakar. Sai ga abin mamaki: lakar ta nuna ruwan gishiri ya shigo tekunmu, ya janye, ya sake shigowa. Alhali kowa ya san sau ɗaya ya shigo. Farfesa, wanda a da "yarinya" yake ce mata, ya koma kiranta "abokiyar aiki". Ya aika sunayensu taron masana a ƙasar waje.

Saura wata guda a yi taron, tsohon mai kula da ɗakin sanyi, wanda kowa ke kira nea Fănel, wato Baba Fănel, ya yafito ta da hannu. Ya jera gaɓa ta farko da ta biyu a kan tebur. A gindin ta farko akwai rabin katantanwa da zarto ya raba. Ɗaya rabin yana jikin ta biyu, amma a bakin da kibiyarta ta ce shi ne ƙasa.

"'Yata, ni ban yi jami'a ba," in ji shi, "amma ban taɓa ganin katantanwa ta yi tafiyar mita guda bayan ta mutu ba."

Ya ce idonsa ya tsufa, yana iya cewa bai ga komai ba. Babu wanda zai sake buɗe bututun nan sai bayan ransu duka.

Kwana huɗu ta riƙe abin a cikinta. A na biyar ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa, ta faɗa masa a tsaye cewa gaɓa ta biyu a kife take, kuma ita ta kife ta, shi ya sa lakar ta nuna kamar ruwan gishiri ya shigo sau biyu. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Malama Bârsan, ja ƙofar idan kin fita."

Ba a kore ta ba. An dai ce abin da ya rage bai kai digiri ba sai da sabuwar laka, ta jira tafiya ta gaba. Ta jira shekara uku jirgin yana tsatsa a tasha. Daga nan ta karɓi koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Medgidia, inda ta ƙare aikinta. Ko hutu ba ta zuwa bakin teku.

Bara na kai mata kwalaben miyar gauta da mahaifiyata ta aiko. Idonta ya yi rauni sosai, sai da na yi magana ta gane ni. Muna shan shayi ta sa na jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Littattafai goma sha ɗaya ne, cike da lambobin ƙidayar lakarta, an rubuta da fensir. Na ce, "Tanti, me zan yi da su?"

"Ke da kike shiga gari, ki nemo mini wata ɗaliba da ba ta samu jirgi ba, ki ba ta. Ƙidayar daidai take, ban tsallake layi ko ɗaya ba. Ki dai gaya mata, daga na huɗu zuwa na bakwai na gaɓar da na kife ne, ta fara karantawa daga shafin ƙarshe."