Opah Sapiah da Baƙin Yashin Tafki na Bakwai

Ƙarfe shida da rabi na safe Opah Sapiah, wato Kaka Sapiah, take sauka daga bas a ƙofar ɗakin gwajinmu da ke garin Ipoh, da ƙunshin shinkafar nasi lemak a jaka, da lema a hammata ko ana ruwa ko ba a yi. Kafin ɗayanmu ya iso ta kunna tanda, ta wanke rariya, ta baza laka a faranti ta bushe. Duk ƙasar da muka taɓa aunawa a ɗakin nan, hannunta ne ya tankaɗe ta. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya, kuma ina rubuta wannan ne da kunya, domin akwai abin da ya kamata in faɗa tun shekara shida da suka wuce, na yi gum.

Kafin ta zo wajenmu, wankin kuza take yi da mahaifiyarta, tsaye cikin ruwa har gwiwa da kwanon katako. Ta san baƙin yashin nan da ake zubarwa bayan an tsame kuza, wanda muke kira amang, mai fitar da tiririn da ido ba ya gani, wato radiyeshin. Mu a takarda muka san shi, ita kuwa da shi ta girma a ƙarƙashin farce.

A shekarar da nake magana, wata ƙungiyar ƙauye ta reno 'ya'yan kififiya ɗari uku, tana so ta sake su a Tafki na Bakwai, wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Aka ce mu duba ko tiririn wurin zai cutar da su. Shugabanmu Dakta Fairuz ya ga dama ta samu: za mu gwada manhajojin lissafi uku da aka ƙera a ƙasashen waje, mu ga wadda ta fi. Kowace ana ba ta awon ruwa da na laka, ta fitar da lamba. In lambar ba ta kai ɗaya ba, dabba ta tsira. Duk ukun suka ba mu ƙasa da ɗaya. Muka aika aka sayo gurasar roti canai da shayi, muna ta yaba kanmu kamar mu muka ƙera su.

Opah tana bakin famfo tana goge rariya. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Dakta, lakar nan da na tankaɗe muku, a ina kuka ɗebo ta?"

"Tsakiyar tafki, Opah. Wuri goma sha biyu, a kwalekwale."

"To, kififiya a tsakiyar tafki take ƙwai?"

Aka kwashe da dariya. Dakta Fairuz ya ce, "Opah ta zama farfesa! Manhaja uku fa, Opah, ba ɗaya ba. Duk bakinsu ɗaya."

"Ai dole bakinsu ya zo ɗaya, ɗana. Abu ɗaya ka ɗura musu."

Ni ne na ce ta zo ta ci roti kafin ya huce, lissafi ba wankin kwano ba ne. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ci gaba da goge rariyarta. Muka aika rahoto cewa tafki lafiya lau, aka sa ranar sakin kififiya nan da kwana tara.

Litinin ba ta zo aiki ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Mai gadin gonar kwakwar manja da ke kusa da tafkin ya ba mu labari daga baya: ya ga tsohuwa da kwanon katako tana bin gabar gabas tun hantsi, tana tonawa tana wankewa, har ya zaci ta zare. Talata ta shigo da gwangwanin biskit ta dire a teburina. Baƙin yashi ne, da ɓawon ƙwan kififiya a ciki. Na kara masa ma'aunin tiriri don in sallame ta, sai ma'aunin ya kama ƙara ƙat-ƙat-ƙat ba tsayawa.

"Yashin nan yana riƙe zafin rana," in ji ta. "Shi suke nema su binne ƙwai. Wata biyu ƙwan yana kwance a ciki. Ka tambayi manhajarka ko ta san haka."

Muka tambaya. A nan ne ukun suka rabu. Ɗaya ta ba mu huɗu, ɗaya ta ba mu goma sha ɗaya, ta ukun kuwa ba ta ma da gurbin dabbar da ke rayuwa a ruwa ta binne ƙwai a tudu. Duka an gina su ne a kan agwagwa da kifi da kwaɗon wata ƙasa, mu kuma muka cusa kififiyarmu a ciki ba mu tambayi yadda take rayuwa ba. Aka janye rahoton saura kwana huɗu. Aka kai 'ya'yan kififiya wani kogi, aka lulluɓe gabar gabas da yumɓu saboda kififiyar daji da ke zuwa wurin yin ƙwai.

Ke ce kika cece su, Opah. Ke ce mai rariya da ta tace abin da masu digiri suka haɗiye. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ce "ai na gaya muku" ba. Washegari kika koma bakin famfonki kamar ba a yi komai ba.

Ga ladan da muka ba ta. An rubuta mata takardar gargaɗi saboda ta ɗauko yashi mai tiriri a cikin bas ba tare da izini ba. Dokar gaskiya ce, ban musa ba, amma ni na sa hannu, kuma ban ƙara ko layi ɗaya na abin da yashin ya hana ba. Muka wallafa binciken, Dakta Fairuz ya tafi taro Turai aka tafa masa. Sunaye biyar ne a kan takardar. Mun gode wa wanda ya ba mu aron kwalekwale. Sunanta ko a ƙasan shafi babu.

Ranar walimar ritayarta na jira mutane suka ragu, na same ta tana tattara kofuna, a walimarta fa. Na ce, "Opah, takardar nan da na sa wa hannu, da sunanki da muka bari, ki yafe mini."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai har yanzu takarda kake ta tunani? Yaushe rabonka da gabar gabas?"

Shekara shida ban taka wurin ba, babu ɗayanmu da ya taka.

"Ni duk wata nake zuwa. Ruwan bana ya zaizaye yumɓun, baƙin yashin ya fara leƙowa, kuma saura sati uku kififiya su fara hawowa yin ƙwai. In yafiya kake nema, ka nemo mota da shebur."

Opah Sapiah, mun gode, kuma mun makara da godiyar. Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka miki da abin da muka kasa. Ku kuma 'yan'uwana masu lissafi, duk ranar da manhajojinku suka yi baki ɗaya, kada ku yi saurin aikawa a sayo shayi. Ku tashi ku tambayi wanda ƙafarsa ta taka wurin, ku saurara, ku rubuta sunansa tun yana kusa da ku.

Motar yumɓu za ta tashi Asabar ƙarfe bakwai. Na ce zan biya in ɗauke ta, ta ce in bar shi, ba ta son in sa ta makara.