Batirin Surukina

Surukina, mahaifin matata, mutumin Bida ne mai sayar da shinkafa a Kasuwar Kure. Ɗansa da ke ƙasar waje ya aiko masa da wani abin hawa na lantarki: taya ɗaya tal, da matakai biyu a gefe, babu kujera, babu abin da mai hawa zai riƙe. Kowa ya ɗauka zai ajiye ta a ɗaki. Sai ya koya a tsakar gida yana dafa bango, kafin wata ya ƙare ya fara fita daga Barkin Sale zuwa kasuwa, a tsaye cikin babbar riga, hannaye a baya, 'yan kabu-kabu suna rage gudu su gaishe shi.

Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, don haka a tawa aka sa manhajar da ke duba lafiyar batirin. An ce tunda na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, na iya faɗin abu yadda yake. Duk Juma'a in mun je gaisuwa, nakan tsuguna a zaure kusa da tayar in duba.

A shekara ta uku abin da nake gani ya sauya. Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura ne masu yawa a jere, kuma wani rukuni ya riga sauran gajiya. Da safe allo zai nuna a cike yake, amma da an hau tudu ƙarfin sai ya zube. Babur in mai ya ƙare, mutum ya gangara gefe ya tsaya. Wannan kuwa injin ne ke riƙe da mai hawa a tsaye. In wuta ta yanke, fuska ce ke fara isa kwalta. Tayar ta daɗe tana gargaɗi da wata ƙara mai kaifi. Surukina ya ɗauka hon ne. Har yabon maƙeranta yake yi, wai ta san inda jama'a suke, don kullum a hawan da ke dab da kasuwa take kuka.

Shekara goma sha takwas ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce abin da yake alfahari da shi ya tsufa? Na bi hanyar da aka saba. Na ba matata saƙon cikin jimla uku, kamar kanun labarai: batir ya tsufa, yana iya yankewa a kan titi, kada Baba ya ƙara hawa sai an sauya.

Matata ta gaya wa mahaifiyarta cewa batirin ya ɗan gaji, gara Baba ya rage hawa. Mahaifiyar ba ta son a ce ita ce ke sa ido kan fitar maigida, sai ta aika wa amininsa, wani dillalin shanu da ke zuwa daga Wushishi, cewa tayar tana son lallaɓawa. Dillalin ya jira har suka idar da la'asar, ya yi doguwar shimfiɗa a kan yadda dabba ke daɗewa a hannun mai tausayi.

Juma'ar da ta biyo, surukina ya yi mini godiya. Ya ce ya ji yabon da na yi masa kan yadda yake kula da tayar, Allah ya yi albarka.

Na ga yadda ake tace labari a ɗakin labarai, amma ban taɓa ganin editoci uku sun gama da shi haka ba tare da alƙalami ba. Na sake duba wayar. Rukunin nan ya ƙara yin ƙasa, washegari kuma Asabar, ranar da yake zuwa kasuwa sau biyu.

Na kafa idona a kan tabarma, na yi amfani da muryar aiki, don ita ba ta da suruki.

"Baba, batirin ya tsufa. Ƙarar nan ba hon ba ce. In ka hau gobe yana iya kayar da kai."

Ya gyara zama, ya ce:

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Wata biyu, Baba."

"Wata biyu ina hawan tudu, labari yana aljihunka." Ya gyara hularsa. "Ni na ɗauka tuwo kawai kunyar nan take hana ka."

Babu wanda ya yarda ya buɗe cikin tayar a cikin masu gyaran da muka zagaya, sabon batir kuma sai ɗan nasa ya samu mai zuwa gida daga can ya ba shi ya kawo. Surukina bai ƙara hawa ba. Amma bai bar ta a gida ba. Tana da wani marfi da ake zaro maɗauki daga ciki, kamar akwatin matafiya. Kullum da hantsi yana tafe a ƙasa zuwa kasuwa, yana janye da ita a gefensa, an goge ta tas. Masu gaisuwa sukan tambayi jikinta, yakan ce da sauƙi.