Jaririyar da ba a yi wa baftisma ba a Guangzhou

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, ni da abokin kasuwancina, muka kama jirgi a Abuja. Kafin mu sauka Guangzhou ta ƙasar Sin ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Wasu Kanawa da muka haɗu da su a jirgi ne suka nuna mana masauki da gidan da ake tuwon shinkafa, Allah ya saka musu.

Kasuwar tufafi ta Canaan kuwa sai wanda ya gani. Kaya sun ɗan tashi bana, kuma duk rigar da ta yi maka sai mai shago ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Har na iya faɗa kafin su faɗa.

Ranar Lahadi aka kai mu sujada a wani ɗaki a saman bene, an rubuta Baftis a ƙofa. Na ji daɗi, don ni ɗan Baftis ne tun kakanni. Ana cikin waƙa wata mata 'yar Jos ta shigo da jaririya cikin farar riga, ga kulolin abinci a bayanta. Mahaifiyarta ma ta zo takanas daga Najeriya don baftismar jikarta. Mai jagorar sujada har ya ɗauko kwanon ruwa, sai wani dattijon ikilisiya ya miƙe.

Ya ce, "'Yata, yi haƙuri. Mu Baftis ba ma yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa, a nutsar da shi. Addu'ar miƙa ta ga Ubangiji za mu yi."

Ta ce, "Baba, shekara da shekaru ina sujada a nan. Wa ya taɓa faɗa mini?"

Daga baya ne na ji dalili. Ashe da suka kafa taron cewa suka yi baƙi ne su, kuma ba su da yawa, rubuta bayanin bangaskiya zai kawo rabuwa ne kawai. Kowa ya shigo da koyarwar garinsu yana zaton ita ake bi. Shi kansa mai jagorar a wata ɗarika ya tashi. Dattijon yana da gaskiya, amma matar ta ba ni tausayi ƙwarai. Ta goya 'yarta, kakar ta kwashi kuloli, suka sauka.

Mun gama lodin kaya muka dawo gida lafiya. A ikilisiyarmu, sabon zuwa sai an zaunar da shi an karanta masa abin da muka gaskata, baftisma da Jibin Ubangiji da sauransu, ya yarda ko ya nemi wani wuri. Mutane kan yi ƙorafi wai ɓata lokaci ne. Ni dai na ga amfaninsa. Da an zaunar da matar nan ranar da ta fara zuwa, da ba a gaban uwarta za ta ji ba.