Murhun Yaya Haruna Ya Sauko Daga Kabet

Shekara tara ke nan da muka rasa yayana Haruna, kuma har yau in an ambace shi a Birnin Gwari sai wani ya ce, "Allah sarki, wanda kamfaninsa ya karye." To, yau ni ƙanwarsa zan ba da amsa, na gaji da kawaici.

Maƙeri ne ɗan nan Birnin Gwari. Ya taso yana ganin mahaifiyarmu tana dawowa daga dajin Kamuku da dammin itace a ka, wuya ya sage. Shi ya sa ya ƙera wani murhun ƙarfe mai cikin yumɓu, wanda 'yan ƙirare kaɗan ke isa a tuƙa tuwon gida a kansa. Da ya samu abokan hulɗa a Kaduna suka buɗe kamfani, aka shafa wa murhun fenti ja, aka sa talla a talabijin: wata mata cikin leshi tana murmushi, ko ɗigon gumi babu. Nan da nan suna ya bi murhun, ɗan-talabijin.

Kasuwa ta buɗe, amma ta inda bai zata ba. Murhun ya shiga kayan ɗakin amare. Uwar da ba ta saya wa 'yarta ba, ta shiga bakin dangi. Sai a ɗora shi can saman kabet tare da kwanonin jere, ana goge shi da tsumma, girki kuwa na nan a kan duwatsu uku yadda aka gada. Na taɓa raka shi biki a Kazage, ya hango murhunsa yana ƙyalli an lulluɓe shi da ɗan mayafi. Ransa ya ɓaci har ya kasa cin abinci. A hanya ya ce min, "Ladi, don toka na yi shi, ba don kallo ba."

Abin yayi ba ya daɗewa. Da amare suka koma kan wasu tukwane na waje, ciniki ya tsaya cak, abokan hulɗa suka zame, aka rufe kamfanin. Ya dawo maƙerarsa yana gyaran garma, masu dariya suna yi. A haka ciwo ya ɗauke shi, yana ganin wahalar banza ya yi. Wannan ne ke ci min rai har gobe.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da daji ya zama abin tsoro, shiga neman itace ya koma sayar da rai, mata suka tuna da abin da ke saman kabet. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke shi. Karan dawa da 'yan tsinte-tsinten bayan gida sun wadatar, ba sai an yi nisa ba. Da yana raye, na san ba zai yi murna da dalilin ba, amma da ya bi gida-gida yana nuna yadda ake jera ƙiraren.

Kwanan baya na koma gidan nan na Kazage. Amaryar wancan bikin yanzu uwar 'ya'ya biyar ce, na tarar tana talge a kan murhun. Ta ce rabonta da daji ta manta. Na duba murhun, fentin nan ja babu ko alamarsa, ya yi baƙi ƙirin.

Masu cewa ya karye, ku je ku gani. Kamfani dai ya mutu, ban musa ba. Yaya, Allah Ya jiƙanka, murhunka ya sha toka.