Kwaɗin da Na Yi wa Ƙafa

Maƙwabciyata a unguwar Thamesmead tsohuwa ce 'yar Filifin, daga ƙabilar Tinguian ta cikin duwatsun arewacin ƙasarsu. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ranar da ta hango ni a baranda ina ɗinkin hula. Washegari ta buga ƙofar flat ɗina da wani ƙyalle a naɗe.

Da ta warware shi, sai da na danne dariya. Bante ne, dogo, saƙar hannu ta farar auduga, an yi wa bakinsa surfani da shuɗin zare da ja: kwaɗi, ƙadangaru, mutane sun ɗaga hannuwa. A garinmu bante ba abin nuna wa baƙo ba ne. Ita kuwa hannu bibbiyu ta riƙe shi.

Na mijinta ne, marigayiya mahaifiyarsa ta saƙa masa. Tsufa ya cinye masa tunani, ita kanta matar ya daina gane ta, magana ma ta ɗauke. So take ta ɗora masa banten a cinya ko zai tuna wani abu, amma asu ya ci ƙafafun kwaɗo ɗaya, ga shi tsufa ya hana ta riƙe allura, shi ya sa ta kawo mini in gyara.

"Mama, ni zanen hula na iya, ban taɓa ɗinka mai rai ba," na ce.

"Gwada dai, 'yata."

Na gwada. Ɗinkin marigayiyar sakwa-sakwa ne, a karkace. Ni kuwa da ranƙwashi kakata ta koya mini matse zare, hannuna bai san wani abu ba bayan wannan. Na yi wa kwaɗon ƙafafu tsaf-tsaf, har ina jin kaina.

Muka sami mijin a kujera bakin taga, ta ɗora masa banten a cinya. Ya bi surfanin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan nawa sai ya tsaya, ya kankara da farce, ya ɓata fuska, ya yi magana da kakkausar murya cikin yarensu. Kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, na ɓata wa mutane kayan gado.

Tsohuwar ta zauna a ƙasa daɓas, hawaye na zuba.

"Mama, me ya ce?"

"Ya ce wannan ba hannun innarsa ba ne, wa na bari ya taɓa masa kaya." Ta share ido. "Kuma da sunana ya yi mini faɗan."