Jirgin da Alfadarai Ke Ja

Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota daga Maryland zuwa duk inda aka aike ni, hanya ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Ruwa ne ba na so. Ina saurayi a Gaya kwalekwale ya kife da mu a tsakiyar kogi, masunta suka jawo ni ta wuyan riga. Tun daga ranar, ko gadar kogin Potomac zan haye, ba na duban gefe.

'Yata ta fari, mai karatun jinya, ba ta san wannan ba. Wata Asabar ta same ni a falonmu na Hyattsville, ta ce da guntuwar Hausarta, "Baba, yau ba aiki. Zan kai ka yawo."

Sai da muka sauka daga mota na ga abin da take nufi. Wani tsohon magudanin ruwa ne da aka haƙa a gefen kogi, da dogon jirgin katako a ciki. Na ja na tsaya. Amma yadda take murmushi, na kasa cewa a'a. Na yi bisimilla, na nemi benci na tsakiya.

Ba mu yi nisa ba aka shigar da jirgin wani lungu mai bangon dutse hagu da dama, aka rufe ƙatuwar ƙofar katako a bayanmu. Sai ruwa ya fara kwararowa daga gaba da ƙugi. Na damƙe hannunta, ina salati a bayyane.

"Baba, lafiya?"

"Ruwa zai ci mu!"

Ta dube ni sosai, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kalli bango. Sama muke yi."

Na kalla. Duwatsun da ke daidai idona suna sauka a hankali. Can sai ga ciyawa, sai ga takalman masu kallo, sai ga fuskokinsu. Aka buɗe ƙofar gaba, ruwan ya kwanta luf.

A nan aka ɗaura igiya a jikin alfadarai biyu, wata mata ta kama linzami tana tafe da su a bakin hanya. Tafiyar ke nan. Wata mai tura keken jariri ta zo ta wuce mu, har da ɗaga mana hannu. Na tambayi mai riƙe da akalar jirgin zurfin ruwan, ya nuna mini ƙirjinsa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba.

Na saki hannun yarinyar, na ga shatin yatsuna a jiki. Na ba ta haƙuri, na kuma ba ta labarin Gaya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Da na sani, da gidan zu na kai ka."

"A'a," na ce, "nan ma ya yi."

Na matsa bakin jirgin. Kunkuru uku na shan hantsi a kan wani kututture, ko motsi ba su yi ba da muka gifta. Iska na kaɗawa, igiya na ɗan kuka, har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Da muka sauka na yi azahar a kan ciyawa. Ita ta tuƙa mu zuwa gida, kuma ranar ko sau ɗaya ban gyara mata tuƙi ba.