Motoci Ukun Da Ban Gani Ba

Masu tare hanya sun tafi da Ya Modu. Baban Ngozi ya rasu. Mu uku muka taso a mota ɗaya, ni kaɗai na iso gida. Ku masu ta kira kuna tambayar me ya faru, ga shi nan ku karanta, bakina ya gaji da maimaitawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bakura, ɗan unguwar Gomari ne ni, a Maiduguri. Ya Modu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa ɗauko wa dillalai motoci daga Legas ya kawo Maiduguri. Baban Ngozi maƙwabcinmu ne, Inyamuri, mai shagon kayan gyaran mota. Tun kafin a haife ni yake unguwarmu, Kanurinsa ma ya fi nawa. Ya je Legas sarin kaya, ya biyo Ya Modu. Ni kuma suka tsaya Ilori suka ɗauke ni, don ranar na rubuta jarabawata ta ƙarshe.

Waɗanda ke da lambata kun ga yadda na cika muku sitatus. Kwana biyu a hanya ina ta shanawa. Kowane gari hoto, kowace gada bidiyo. Digiri ne fa, ba wasa ba.

Rana ta uku, Talata, a Kano muka tashi. Ƙarfe biyar da rabi muka yi sallah a tasha. Muka sha shayi, Baban Ngozi ya saya mana ƙosai mai zafi a takarda. Ya Modu ya duba mai, ya duba ruwa, ya bubbuga tayoyi da ƙafa. Motar baƙa ce, ƙarama, har da ledar kujeru ba a cire ba. Shida saura kwata muka ɗau hanya.

Ina sanye da farar rigar da 'yan ajinmu suka yi wa rubutun bankwana da alƙalamin maka. Ban cire ta ba tun Ilori. Ya Modu ya ce, "Farfesa, rigar nan ta fara magana fa. Ko digirin bai zo da sabulu ba?"

Na ce, "Ya Modu, baƙin ciki ne kawai. Sai Hajja ta gan ta." Mahaifiyarmu ke nan.

Sha biyu da kwata muka shiga Damaturu. Muka ci shinkafa da wake, muka jira azahar. A nan wasa ya ƙare, kamar kullum. Duk ɗan Maiduguri ya san abin da ake yi a Damaturu. Masu tare hanyar gaba 'yan boko, ma'aikata da waɗanda ba Musulmi ba suke nema. Ya Modu ya sa na cire rigar na sa wata, ya tura ta ƙarƙashin sifiya taya tare da katin makarantata. Baban Ngozi ya buɗe leda ya fito da jamfa ruwan toka da hula zanna. Ya sa, ya gyara karin hular a madubi, ya cusa katin shaidarsa cikin safa.

Ya ce, "Daga nan zuwa get ɗin Maiduguri, Alhaji Isa ne sunana. Wanda ya ce Baban Ngozi, na sauke shi."

Ya Modu ya ce, "Alhaji Isa, yaushe ka dawo daga Makka?"

"Jiya. Ta Legas na biyo."

Muka yi dariya. Sai Ya Modu ya raba aiki. Shi idonsa na kan ramuka. Baban Ngozi a gaba, ya lura da dajin hannun dama. Ni na zauna bayan direba, aikina ƙirga motocin da ke fitowa daga Maiduguri.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba: haka ake karanta hanyar nan. Ba wanda zai yi maka waya ya ce akwai matsala. In motoci na fitowa, hanya lafiya. In minti goma ta wuce ba ko ɗaya, an tare gaba, sai ka tsaya a garin da ka samu ka jira. A wajen titin hannu biyu ne, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawar tsakiya ta kai tagar mota. Sai ka sa ido sosai za ka ga rufin mota ya gifta. Direban da ya kwana uku yana tuƙi, yana kauce wa rami, ba zai iya haɗa biyun ba.

Ɗaya da minti goma muka bar Damaturu. Da farko na yi aikina. Tirela, bas, bas, tanka. Ina faɗa da ƙarfi, Ya Modu na cewa "Yawwa."

Wajen biyu saura sabis ya dawo. Saƙonni suka zubo, ya fi ɗari. Guruf ɗin ajinmu ya kama da wuta, ana rigimar wa ya fi kowa kuka ranar rabuwa. Na ce bari na amsa ɗaya. Na amsa goma. Na juya kyamara na yi bidiyo ina kiran Maiduguri da sunanta na gida, "Yerwa, ku share hanya, ga Farfesa nan!" Na ɗora.

Biyu da kwata muka shiga Beneshek. Ya Modu ya rage gudu. Ya ce, "Bakura, kamar hanyar ta yi shiru. Nawa ka ƙirga tun ɗazu?"

Kaina na kan waya. Ban ko ɗago ba. Na ce, "Uku."

"Ka tabbata?"

"Wallahi, uku."

Ya kalli agogon mota. Ana rufe get ɗin shiga Maiduguri da yamma, ga shingayen bincike a gaba. Ya taka mai.

Biyu da minti talatin da biyar sabis ya ɗauke. Sai lokacin na ajiye waya na kalli hagu. Ba kowa. Na ci gaba da kallo. Minti biyu. Minti huɗu. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baban Ngozi ya ce, "Modu."

Bayan wata kwanar titi, motoci sun tsaya. Bas biyu, tirelar buhuna, wata ƙaramar mota ja. An gitta itace a titi. Mutanen da ke tsaye da kakin soja suke. Na ɗauka shinge ne, har na ga ƙafafunsu. Silifas.

Ya Modu ya sa ribas. Motar ta yi ƙara. Bayanmu babura biyu suka fito daga ciyawa. Aka yi harbi uku sama, tau, tau, tau. Ban taɓa jin bindiga kusa haka ba, a haƙora na ji ta.

"Kashe mota! Ku fito!"

Muka fito.

"Waya! Kowa waya!"

Wani ya zagaya da buhu. Na jefa tawa.

"Ku kwanta! Fuska ƙasa!"

Kwalta ta yi zafi kamar kasko. Muka kwanta a jere, mun kai mu arba'in. Ya Modu a damana, Baban Ngozi a hagu. Hannunsa na dab da fuskata, da agogonsa na roba. Da shi na san lokaci. Uku saura minti goma sha biyu.

Yara ne. Wasu ba su kai ni ba. Suna bin layi suna taɓa mutum da bakin bindiga. "Kati!" Wanda aka samu da katin aiki a tashe shi, a kai bayan tirela. Wata mata tana ta salati a hankali, jaririnta na tsala kuka. Da suka zo kan Baban Ngozi, ya amsa musu da Kanuri, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Suka wuce. Ni aka tambaye ni aikina, na ce tela. Aka wuce.

Uku da minti biyar aka yi harbi bayan tirela. Sau huɗu, da tazara. Matar ta daina salati.

Uku da minti goma.

"Direbobi, ku tashi!"

Ba wanda ya motsa.

"Mai baƙar motar nan! In mun nemo ka da kanmu, layin duka za mu harbe!"

Ya Modu ya danna min idon sawu da ƙafarsa. Da ƙarfi, sau ɗaya. Sai ya tashi. Bai kalle ni ba, don kada su san tare muke. Na ga takalminsa ya wuce gaban fuskata. Na ji an buɗe ƙofa, an rufe. Na ji ya tada motar. Na san tashin motarsa, yakan ba ta wuta kaɗan kafin ya sa giya. Ko ranar sai da ya yi hakan. Motar ta sauka daga kwalta ta shiga daji ta hannun dama, bas ɗaya na bin ta. Ƙarar ta yi ta raguwa. Uku da minti goma sha takwas na daina jin ta.

Suka kwashi buhuna, suka cinna wa tirelar wuta. Tayoyin suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Uku da rabi aka ji jirgin sama can nesa. Suka fara ihu suna kiran juna, babura suka tashi. Wani cikin fasinjoji ya ce, "Ku gudu!"

Baban Ngozi ya fizgi wuyan rigata. Muka tsallake tsakiyar titi, muka tsallake ɗaya hannun, muka faɗa gonar wake. Ana harbi a bayanmu. Mutane na faɗuwa, ban san wanda tuntuɓe ya kayar da wanda harsashi ya kayar ba. Takalmina ɗaya ya fita. Ƙarangiya ta cika min ƙafa, ban ji ba sai daga baya.

Mun yi ta gudu, sai tafiya, sai gudu. Baban Ngozi ya haura sittin, na ɗauka shekaru ne ke sa shi haki. Huɗu da minti goma ya zauna gindin wata aduwa. Sai na ga jamfar. Daga haƙarƙari zuwa gwiwa ta koma baƙa da jini.

Na cire singiletina na danna wajen. Na ce zan goya shi. Na gwada, muka faɗi tare. Na sake gwadawa.

Ya ce, "Farfesa, bari. Cire min safa."

Na ciro katin. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba, ya danna da tafin hannu. Ya ce in cire masa hular ma. Na cire. Ya ce, "In an zo, a same ni da sunana."

Ya yi addu'a da yarensu, gajeriya. Ya nuna min turakun wutar lantarki can gaba, ya ce in bi su, suna tafiya tare da titi. Na ce ba inda zan je. Ya daka min tsawa irin wadda yake mana muna yara in mun buga ƙwallo cikin shagonsa. "Tafi!"

Na tafi. Huɗu da rabi da 'yan mintuna ne, don na kalli hannunsa kafin na juya. Bayan nan ban ƙara sanin lokaci ba.

Na bi turakun. Rana na dab da faɗuwa na iso wani ƙauye. Wata tsohuwa ta ba ni ruwa a kwano, ba ta tambaye ni komai ba. Mu shida muka taru a wajen, duk daga titi. Da safe 'yan sa-kai suka sa mu a bayan a-kori-kura zuwa gari.

Hantsi na shiga Gomari da takalmi ɗaya. Hajja na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kalle ni, ta kalli bayana. Ta ce, "Ina wanka?"

An samo Baban Ngozi a rana ta biyu, gindin aduwar. Da katin aka gane shi. A nan Maiduguri aka binne shi, rabin unguwa sun je.

Abokina Abba ya ajiye bidiyon da na ɗora kafin sitatus ɗin ya goge kansa. Na kalla a wayarsa. Sakan arba'in da bakwai ne. Ina ta surutu ina washe baki, tagar na bayana. Ba mota ko ɗaya. Wajen ƙarshe akwai wani mutum a bakin titi da fartanya a kafaɗa, yana yi mana alama da hannu, ƙasa, ƙasa, wai mu tsaya. Ya fito sarai.

Abba ya ce ko da na faɗi gaskiya, ƙila Ya Modu ya wuce saboda get. Ba zai wuce ba. Bara kwana biyu ya yi a Damaturu a cikin mota saboda hanya ta yi shiru. Shekara tara yana bin titin nan ba abin da ya taɓa samunsa. Tambayata ya yi, har sau biyu, na rantse masa.

Ban faɗa wa Hajja ba. Ban faɗa wa Maman Ngozi ba. Na san yau wani zai karanta musu.

Yau kwana goma sha tara. Ba kira, ba saƙo, ba gawa. Mutane na shigowa su zauna kan tabarma, su rasa gaisuwar da za su yi. Wani dattijo ya ce Allah ya jiƙansa, Hajja ta tashi ta shige ɗaki. Tun daga nan "Allah ya bayyana" ake cewa, kuma kullum masu zuwa raguwa suke. Waɗanda suka san yadda abin yake sun ce direba ba a cika sakinsa ba, don yana da amfani. Ban san ko wannan labari ne mai daɗi ba.

Shekararsa talatin da huɗu. Dogo ne, baƙi, siriri. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma in yana tafiya yakan ɗan karkata dama. Shuɗiyar shadda ce a jikinsa. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

In kun san wanda ya kuɓuto daga daji kwanan nan, ko mai aiki a inda ake ajiye waɗanda aka ceto, a tambaya min shi, a yi min magana a nan. Ba laik nake nema ba. Ku tura wa wasu, don Allah.